Jeri Arba'in

Wuta ta dawo Aboabo ƙarfe sha ɗaya na dare,
firji ya yi tari, fanka ta tuna aikinta.
Na buɗe kwamfuta a kan turmin da aka kife,
Inna Lariba na tsintar wake a gefe,
littafin bashinta a cinyata, duk mai, duk yaji.

Na ce, Inna, mutum ɗaya za mu fara ƙerawa.
Ba mutum ba dai, ƙwaryar da za a zuba shi:
suna, haruffa ashirin;
abin da ya ci, a sidi;
ranar da ya ce gobe.
Na rufe baka, na ɗiga waƙafi mai ruwa.

Sai a jera irinta arba'in,
kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Juma'a,
faɗinsu ɗaya, ba mai tsere wa 'yar'uwarta.
In kin san inda ta farko ta zauna
kin san gidan ta talatin ba tambaya.

Ta ce, wa ke farko?
Na ce Fuseini mai faci, amma lambarsa sifiri.
Ta ajiye tire.
Sidi tamanin da biyar ne sifiri?
Na ce na'ura taku take ƙirgawa,
wanda ke bakin ƙofa bai yi ko ɗaya ba.
Ta ce, ai kuwa, wata uku bai tako nan ba.

Muka shiga zubi.
Kojo ɗan dakon Kejetiya, sha biyu, Talata.
Asibi mai kitso, bakwai.
Malam Sumaila, sunansa da na ubansa da na kakansa
sun fi ƙarfin ashirin, na datse kakan.
Yaran gareji uku masu ci a faranti ɗaya
sai da na raba su gida-gida,
jeri bai san tarayya ba.

A na sha tara ta dafa hannuna.
Wannan, ina za ki sa cewa matarsa na kwance?
Ba gurbi, Inna.
Ina za ki sa kada a tambaye shi gaban mutane?
Na dubi ƙirata: gurbi uku
kamar duwatsun murhu,
tukunya ta zauna daram, wuta ce babu.

Na ce zan iya ƙarawa,
sai dai in na ƙara wa ɗaya na ƙara wa duka,
haka dokar take.
Ta daɗe tana juya wake.
Ƙara, in ji ta.
Wa ka gani ba shi da abin da ba a faɗa?

Na ƙara. Haruffa sittin, na sa masa suna uzuri.
Jerin ya kumbura
kamar waken da ya kwana a ruwa.

Asuba ta kusa, littafi bai ƙare ba.
Na arba'in ya zauna a lamba talatin da tara,
ga shafi ɗaya saura:
Baba Salifu, sidi huɗu.
Bara da azumi aka yi masa salla.

Ba wuri.
In na tura shi, na'ura ba za ta hana ni ba,
zai faɗa filin maƙwabci, ya taka abin da ban sani ba,
gobe lissafi ya haukace, in rasa dalili.

Mu goge shi, ai kin yafe.
Tun ranar na yafe, in ji ta.
Sunan nake so in riƙa gani.

Na koma can sama inda na rubuta arba'in
na mai da shi arba'in da ɗaya.
Gurbin kuɗi, sifiri.
Gurbin uzuri na bar shi fari.

Ladan ya gyara murya, wuta ta ɗauke.
Kin adana? in ji Inna cikin duhu.
Na adana.
Ta laluba cinyata, ta ɗauki littafinta,
ta mai da shi ƙarƙashin tire,
ta fita hura gawayi.